Canza Kafireton Babur Mai Hayaƙi: Abin da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Kwance Noti Ko Ɗaya



In faɗa tun da wuri, ni ba makaniki ba ne. Ɗan mai fataucin shanu ne, a Sabon Ibadan aka haife ni. Babanmu yana kara ta Akinyele, ni kuma tun da na gama sakandare nake shiga yankin Oke-Ogun, wajajen Iseyin da Saki, in duba dabbar da aka yi masa tallarta kafin ya tura mota. Hanyoyin da nake bi, da damina ko ɗan acaɓa ba ya yarda ya shiga. Shi ya sa Baba ya sayo mini Yamaha DT 175 na hannu daga Jos, aka ɗoro shi a tirelar shanu.

Da na ga yana nishi a hawa in na goyo dillali, sai wani aboki ya ce maganin kawai babban kafireto. Na shiga wani shago na sayi mai milimita 32, wani yaron makaniki ya ɗaura mini cikin rabin awa. Tiyon man 2T ya rasa inda zai shiga, sai ya toshe shi ya ce in riƙa zuba "ɗan kaɗan" a tanki. Saura kwana goma Babbar Sallah, ina tafe a miƙaƙƙiyar hanya totur a buɗe, sai na ji ƙarar injin ta canza, tayar baya ta ƙame. Allah ya sa hannuna na kan kuloci. Na tura babur har dare, washegari da na isa an riga an sayar wa wani da shanun. Baba bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Kai da aka aika ka duba lafiyar sa, ka kasa duba lafiyar abin hawanka?"

Wani dattijon makaniki a unguwarmu shi ya tada injin, na yi kusan wata guda ina zama a garejinsa ina tambaya. Abin da na koya a wurinsa da wanda na gwada da hannuna shi na tattara a nan, don wanda zai yi wannan aiki ya riƙa dubawa.

Wane irin babur ake nufi

Ina magana ne a kan babur mai hayaƙi, wanda makanikai ke kira tu-sitirok, musamman na daji masu doguwar ƙafa: Yamaha DT 125 da DT 175, Yamaha AG 100, Suzuki TS da TF. Yawancin bayanin zai yi wa Suzuki AX 100 da ire-irensa aiki. Ban da Bajaj Boxer da sauran baburan da ake zuba wa baƙin mai a gindin inji, waɗannan tsarinsu daban ne.

Bambancin shi ne, injin mai hayaƙi yana kunna wuta duk zagaye ɗaya na karanshaf, kuma haɗin fetur da iska yana fara ratsawa ta cikin ɗakin karanshaf kafin ya hau silinda. Babu baƙin mai kwance a wurin. Man da kake zubawa ta gefen inji na giya ne da kuloci kawai. Fistin da boris ɗin karanshaf sun dogara ne kacokan a kan man 2T da ke shigowa, sannan fetur ɗin da ke cikin haɗin yana taimakawa wajen sanyaya kan fistin. Ka ga ke nan kuskure a kafireto ba rashin gudu kaɗai yake jawowa ba, inji yake kashewa.

Aikin kafireto da sassansa

Kafireto, ko kabireta kamar yadda wasu ke cewa, dama fetur da iska yake yi kamar yadda ake dama kunu. Iska tana ratsa maƙogwaronsa da gudu, gudun nan shi ke tsotso fetur daga kwanon da ke ƙasa. A lissafin awo, kilo 14.7 na iska ke ƙone kilo 1 na fetur tas, amma inji ya fi ba da ƙarfi a wajen 12 zuwa 13. In fetur ya yi yawa, zan kira haɗin mai kauri. In iska ta rinjayi fetur, zan kira shi tsararo. Mai kauri ɓarnar mai yake yi da kashe fulogi. Tsararo shi ke ƙone fistin.

Kowane sashe da inda yake mulki a murɗin totur:

Kwano da fulot. Fulot abu ne mai yawo a kan fetur, in kwano ya cika sai ya toshe ƙofar shigowar mai. In bai daidaita ba, duk sauran saitin banza ne.

Ƙaramin jet, wato jet na silo, tare da sukurun iska. Su ke aiki daga silo zuwa kusan rubu'in totur.

Silaid, wato ƙarfen da kebur ke ɗagawa. Yankan da ke gindinsa yana tasiri a lokacin da ka fara murɗawa.

Allura da raminta. Daga rubu'in totur zuwa kashi uku cikin huɗu. A nan muke yin yawancin tafiyar daji.

Babban jet. Daga kashi uku cikin huɗu zuwa ƙarshen totur.

Cok. Yana ƙara fetur don tada inji mai sanyi, ba shi da aiki bayan inji ya ɗumama.

Ka riƙe wannan: inda hannunka yake a totur ake dubawa, ba gudun da babur yake yi ba.

Kafin ka sayi sabo

Da dattijon nan ya buɗe babur ɗina, abin da ya gani ya ba ni kunya. Ringin fistin ya cinye, salansa ta toshe da baƙin gawayi, soson iyakilina ya yage. Ya ɗago tsohon kafireton ya ce, "Ɗana, wannan lafiyarsa ƙalau. Jaki ne ba a ba shi dusa ba, kai kuma ka je ka sayo masa sabon mangala." To kafin ka kashe kuɗi, duba waɗannan:

Na ɗaya, ƙarfin matsi. In kik yana sauka lagwai-lagwai ba turjiya, ringi ko silinda ne matsalar.

Na biyu, salansa da ƙofar fitar hayaƙi. Gawayi yana taruwa ya shaƙe su, musamman in ana zuba man da bai dace ba. A kwance a kankare.

Na uku, iyakilina. A wanke soson, a shanya, a shafa masa mai kaɗan a matse. In ya yage a canza.

Na huɗu, satar iska. Wuyan robar da ke tsakanin kafireto da inji yana tsagewa in ya tsufa, haka oyil sil na karanshaf da gasket na gindin silinda. Alamarsa, in ka saki totur inji ya daɗe yana kuka kafin ya sauko, ko silo ya riƙa hawa da kansa. Duk kafireton da ka ɗaura a kan inji mai satar iska, tsararo zai ba ka.

Na biyar, rid bawul, wato 'yan siraran faifan da ke bayan wuyan roba a irin su DT. In bakinsu ya gutsure ko ba sa rufuwa, babur zai yi wuyar tashi.

In duk waɗannan lafiya lau, sai a duba tsohon kafireton kansa. Sau da yawa wankewa da sabuwar allura da sabon bawul ɗin fulot sun isa. Canji yana da dalili ne in jikinsa ya cinye har silaid yana kaɗawa a ciki, ko zaren sukuru ya mutu, ko kuma an riga an yi wa injin aiki, kamar faɗaɗa ƙofofin silinda da sa salansa mai tumbi, har yana neman iskar da tsohon ba zai iya ba shi ba.

Girman da ya dace

Ana auna kafireto da faɗin maƙogwaronsa a milimita. DT 125 injinsa cc 123 ne, DT 175 kuma cc 171, kuma masu sanyaya da iska yawanci da Mikuni na wajen milimita 24 suke zuwa.

Lambar tana yaudara, don faɗin ƙofa ba ya ƙaruwa daidai da lamba. Daga 24 zuwa 26, ƙofar ta ƙaru da kusan kashi 17 cikin 100. Zuwa 28, kashi 36. Zuwa 30, kashi 56. Zuwa 32 da na saya, kashi 78. Injin kuwa yana nan yadda yake, iskar da yake ja ba ta ƙaru ba. Ka tuna tiyon wanke shanu: in ka matse bakinsa ruwa ya fita da ƙarfi, in ka sake shi sai ya riƙa zuba a sanyaye. Haka iska take. In ƙofa ta yi faɗi, gudunta ya ragu, ba ta iya tsotso fetur yadda ya kamata, sai ka murɗa totur ka ji babur ya yi "buuu" kamar zai mutu.

Wani zai ce ai Yamaha YZ 125 yana ɗauke da mai milimita 38. Gaskiya ne, amma wancan babur ɗin tsere ne, injinsa yana wuce zagaye 11,000 a minti. DT 175 ƙarfinsa a wajen zagaye 7,000 yake. Ba a haɗa dokin sukuwa da na dako.

Shawarata: in injin bai taɓa ganin wani aiki ba, tsaya a girman da ya zo da shi ko ka ƙara milimita 2. In an yi masa aikin silinda da salansa, 28 ta isa ga DT 175. Mai shiga taɓo da yashi, mai goyo da ɗaukar kaya, ƙarfin ƙasa yake bukata, kuma ƙaramin maƙogwaro shi ke ba da wannan.

Iri-irinsa, da maganar jabu

Sunaye biyu suka fi shahara, Mikuni da Keihin, duka na Japan. Mikuni VM silaid ɗinsa zagayayye ne, tsohon yayi, mai sauƙin saiti da haƙuri da ƙura. Mikuni TM silaid ɗinsa shimfiɗaɗɗe ne. Keihin PE zagayayye, Keihin PWK kuma gefe ɗaya a shafe. Masu shafaffen silaid sun fi saurin amsa totur, amma sun fi son a yi musu saiti tsaf.

Kada ka ɗauko na babur mai baƙin mai ka ɗaura. Allurarsa da raminta ba don injin hayaƙi aka yi su ba. Hanyar ganewa: a na mai hayaƙi, sukurun saiti yana ɓangaren iyakilina, iska yake sarrafawa. A yawancin na mai baƙin mai, yana ɓangaren inji, fetur yake sarrafawa. Murɗinsu ma akasin juna ne.

Jabu kuwa ya cika ko'ina, da sunan kamfani a jiki raɗau. Nawa haka yake. Duba waɗannan: zubin ƙarfen ya zama sumul ba kaushi a cikin maƙogwaro, silaid ya sauka da kansa ba ya maƙalewa kuma ba ya kaɗawa, lambobin jet su fito fes, kuma in kuɗin ya yi arahar da ta ba ka mamaki, ka san araha ba ta ado. Babbar illar jabu ita ce lambar da ke jikin jet ba ta dace da ramin da ke ciki ba, sai ka yi ta saiti a duhu. Na asali na hannu mai lafiya ya fi sabon jabu.

Wani abu kuma: lambar jet ɗin Keihin faɗin rami take nunawa, 120 na nufin kusan milimita 1.20. Babban jet ɗin Mikuni mai kusurwa shida kuma yawan fetur ɗin da ke ratsa shi ake aunawa. Don haka 130 na wannan ba 130 na wancan ba ne, kuma zarensu ma ba ɗaya ba. Ranar da ka sayi kafireto, ka sayi manyan jet huɗu ko biyar masu bin juna da ƙanana biyu ko uku.

Man 2T: inda ni na faɗi

Waɗannan babura suna da tankin 2T daban da ƙaramin famfo. Yamaha na kiran nasa Autolube, Suzuki kuma CCI. Kebur ɗin totur yana rabuwa biyu, ɗaya ya tafi kafireto, ɗaya famfo, don mai ya ƙaru daidai da murɗi. A wasu baburan tiyon man yana shiga jikin kafireto ne, a wasu kuma wuyan inji ko silinda. Kafin ka sayi komai, bi tiyon nan da yatsa ka ga inda ya ƙare.

In a jikin kafireto yake shiga kuma sabon ba shi da wurinsa, hanya biyu ce. Ko gwani ya huda ya dasa ɗan bututu a ɓangaren inji, ko a daina aiki da famfo a koma haɗa mai a fetur. Masu Suzuki ku yi hattara: a yawancin injinan CCI famfon yana kai mai kai tsaye ga boris ɗin karanshaf, in ka cire shi haka kawai boris zai iya bushewa. Gara a bar famfon.

In za ka haɗa, to da awo, ba da ido ba. Sirinji babba ko kofin awo ya isa:

Haɗin 25 da 1: mililita 40 a lita 1, mililita 200 a lita 5.
Haɗin 32 da 1: kusan mililita 31 a lita 1, kusan 156 a lita 5.
Haɗin 40 da 1: mililita 25 a lita 1, mililita 125 a lita 5.

Ni 32 da 1 nake yi, don injina tsoho ne mai sanyaya da iska. Ka haɗa a jarka ka girgiza kafin ka juye a tanki. Ka nemi man 2T na gaske mai alamar JASO FB, FC ko FD a jikin roba. Baƙin man mota ba ya ƙonewa da kyau, shi ke cika salansa da gawayi. Ka kuma sani, in mai yana cikin fetur, wani ɓangare na abin da ke ratsa jet mai ne, don haka haɗin yana ɗan tsinkewa. Ka zaɓi awo ɗaya ka tsaya a kansa kafin ka fara saiti.

Yadda ake ɗaurawa

Wanke babur tukuna, don kada ƙasa ta faɗa cikin inji. Rufe makunnin mai, cire tsohon, toshe wuyan inji da tsumma mai tsafta.

Auna bakin sabon kafireton ta waje, gaba da baya. Dole ya zauna daram a wuyan roba da kuma robar iyakilina. In bai zauna ba a nemo wuyan da ya dace. Kada ka yarda a cike giɓi da tsohon tub ko salatif, nan satar iska take farawa.

Kada ka jefar da akwatin iyakilina ka sa ɗan buɗaɗɗen nan mai kama da kofi. Yana da kyan gani, amma ƙurar rani da ruwan damina kai tsaye za su shige, kuma yana tsinka haɗi.

Sa silaid yadda yankan gindinsa zai kalli ɓangaren iyakilina. Murɗa totur har ƙarshe ka leƙa ka ga ya ɗago duka, ka saki ka ji ya faɗi "ƙwas". A bar ɗan wasa na milimita 2 zuwa 3 a hannun totur. Bayan inji ya tashi, juya kan babur dama da hagu. In kukansa ya ƙaru, kebur ya yi gajarta ko ya bi muguwar hanya, kada ka hau sai an gyara.

In famfo yana nan, a daidaita alamominsa kamar yadda kamfani ya sa, a fitar da iskar da ke cikin tiyo. Tankin farko ka ɗan haɗa mai a fetur har ka tabbatar 2T yana raguwa a tankinsa.

Sa ƙaramar matatar mai a tiyon fetur. Wanda ke sayen mai a galan a ƙauye ya san abin da ke kwance a gindinsa.

Saiti, mataki bayan mataki

Ƙa'ida biyu: fara daga kauri ka sauko, kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. Ka samu ɗan littafi kana rubuta abin da ka canza.

Fulot. A auna tsayinsa. A Keihin PWK 28 na asali milimita 19 ne, kowane iri da nasa awon. In fetur na zuba ta tiyon ƙasa, wato obafulo, fulot ne ko datti a bawul ɗinsa.

Silo. Murɗa sukurun iska ciki a hankali har ya taɓa, kada ka matse, sannan ka dawo da shi zagaye ɗaya da rabi. Bari inji ya yi zafi sosai. Riƙa juyawa rubu'i-rubu'i har ka sami inda kukan ya fi tashi da tsabta, sannan ka sauke silo da ɗaya sukurun. Fitar da sukurun iska waje tsinka haɗi yake yi, shigar da shi kuma kaurara shi. In wurin da ya fi daɗi bai kai zagaye 1 ba, ƙaramin jet ya yi ƙanƙanta, sa na gaba da shi. In ya wuce zagaye 2 da rabi, ya yi girma.

Babban jet. Fara da mafi girma a cikin waɗanda ka saya. A hanya miƙaƙƙiya da ba jama'a, buɗe totur duka a giya ta uku ko ta huɗu. In yana ɓarɓarwa kamar mai kuskurar baki, ya ƙi hawa, hayaƙi ya yi yawa, to ya yi kauri. Sauko lamba ɗaya ka sake gwadawa. Inda ɓarɓarwar ta ɗauke, tsaya nan. Kada kwaɗayin ƙarin gudu ya sa ka ci gaba da saukowa, don injin hayaƙi ya fi daɗin hawa daf da lokacin da zai buga.

Allura. Tana da tsaga biyar a sama, da ɗan kilif. Fara da ta tsakiya. In ka sauko da kilif ƙasa, allura ta ɗago, haɗi ya yi kauri. In ka hau da shi sama, allura ta nutse, haɗi ya tsinke. Gwada a rabin totur. In yana fizga-fizga ko kana jin ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, tsararo ne, sauko da kilif nan take.

Karatun fulogi

DT 175 yana amfani da NGK B8ES. A lambobin NGK, babbar lamba tana nufin fulogi mai saurin zubar da zafi. Kada ka sa mai ƙaramar lamba don kawai ya daina jiƙewa, wannan rufe ciwo ne.

Don gwaji, sa fulogi mai tsafta, yi tafiya totur a buɗe na ɗan lokaci, sannan ka kama kuloci ka kashe inji a lokaci ɗaya, ka gangara ka tsaya. Kada ka bar shi ya yi silo. Kwance ka duba farin tangaran ɗin ciki. Kalar shayi da madara, ka dace. Baƙi mai danshi, ya yi kauri. Fari fat ko toka-toka, tsararo ne, ƙara jet. In ka ga ɗigo-ɗigo masu ƙyalli kamar azurfa, fistinka ne ya fara narkewa, kada ka sake buga kik sai an buɗe.

In kana tafiya ka ji ƙarfi ya ragu farat ɗaya ko ƙara ta canza, kama kuloci kafin komai. Wannan shi ya raba ni da asibiti. Masu haɗa mai a fetur kuma, a doguwar gangara kada ku bar totur a rufe cikin giya, don ba fetur ba mai. Ku riƙa kama kuloci kuna ɗan murɗawa.

Saitin Jos ba na Legas ba ne

Wannan ya shafe mu musamman, mu da ake kawo mana babura daga gida. Iska tana raguwa da nauyi da kusan kashi 3 cikin 100 a duk mita 300 da ka hau. Jos tana wajen mita 1,200 sama da teku, Kano ba ta kai 500 ba, Legas da Fatakwal kuwa a bakin teku suke. Babur ɗin da aka yi wa saiti daidai a Jos, in ya sauko kudu zai sami iska fiye da wadda jet ɗinsa ya saba, sai haɗi ya tsinke. Sanyin Jos yana rage bambancin kaɗan, amma ba ya share shi. Duk babur ɗin da ya sauka daga tirela, a duba fuloginsa kafin a yi doguwar tafiya da shi.

Yanayi ma haka. Iska mai zafi da laima tana sa haɗi ya yi kauri. Iskar hunturu mai sanyi da bushewa tana tsinka shi. In ka yi saiti da damina, sake duba fulogi a watan Disamba ko Janairu. Shi ya sa ban ba ka lambar jet ɗina ba. Lambar da ta yi wa nawa daidai za ta iya kashe naka.

Shin ya cancanci wahalar?

A ƙarshe Mikuni VM mai milimita 26 na asali muka ɗaura, bayan an gyara silinda an sa sabon fistin da ringi an kankare salansa. Babur yana hawa da ni da dillali ba nishi. Amma in faɗi gaskiya, yawancin ƙarfin daga gyaran inji ya zo, ba daga kafireto ba. Kuɗin da gaggawata ta ci kuwa ya isa sayen rago mai kyau, ban da cinikin da ya kuɓuce.

Ka kuma yi lissafin mai. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya san yadda lita take, kuma babban kafireto ba ya rage sha. Sannan mu baƙi ne a garuruwan nan ko da a nan aka haife mu. Babur mai ƙara da hayaƙi yana jawo ido, ga dokoki kan babura da suka yi tsanani, kamar hana acaɓa da Legas ta yi a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni 2022. Kada ka fasa salansa don ƙara. Takardunka su cika, hular kwano a kanka, gwajin gudu kuma a bayan gari, ba a layin unguwa inda yara ke wasa ba.

Yanzu duk safiyar da zan fita, Baba yana daga kan tabarmarsa zai ce, "Ka duba man?" Sai in ɗaga masa sirinjin ya gani.

Allah ya tsare mu a hanya, ya sa albarka a nema.